Karan Awon Tanimu

Duk wanda ya zauna Gure a shekarun da kumandan Faransa ke bisa tudu ya san Umara, ko da bai san fuskarsa sosai ba. Kansa a sunkuye yake tafiya, a sunkuye yake gaisuwa, a sunkuye yake cinikin kanwa ranar kasuwa. Baƙi sukan ce ba su taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. Mutanen gari ba sa gyara musu zance, amma sun san ba ladabi ba ne.

Noma yake yi da damina, da rani ya gangara kwari ɗibar kanwa, kamar kowa. Abin da ya raba shi da kowa shi ne, in an yi rasuwa shi ake aika wa. A Gure, in an gama wa mamaci wanka, akan samo karan gero a gwada da tsawonsa, a yanke daidai, a aika da shi maƙabarta. Umara ya karɓa, ya kwantar da shi a ƙasa, ya ƙara taƙi ɗaya, ya shata, ya kama haƙa. In an rufe, sai a kwantar da karan bisa kabarin, can zai ruɓe. Karan da aka yanke wa mutum ba ya shiga gida, ba a karya shi, ba a sa shi a wuta. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili, domin ba a taɓa samun karan da ya rasa kabari ba.

A hannun ubansa ya gaji aikin, idonsa kuma ya koye shi fiye da yadda ya so. Har ya kai in ya dubi kara sau ɗaya ba ya bukatar ya kwantar da shi. Wata rana a kasuwa ya dubi wani mai raƙumi, ƙato, lafiyayye, yana ta dariya, ya bi shi da ido daga rawani har takalmi, sai ya ji idon ya ɗauki awo, har da taƙin da ake ƙarawa. Kafin kasuwa ta zagayo aka kawo masa kara, ya gane shi tun daga nesa. Umara bai taɓa cewa shi ya jawo ba. Musulmi ne, ya san ajali. Ya dai daina duban mai rai gaba ɗayansa.

Matarsa Kellu gunduwa-gunduwa ya san ta: ƙafafunta in tana daka, hannunta in ta miƙo ƙwarya, fuskarta in tana zaune. Ƴaƴansu na fari duk shi ya haƙa musu. Tanimu kaɗai ya tsaya, shi kuma Umara bai yarda ya dube shi ko da wasa ba. Ya san muryarsa, ya san tabon da ke babban yatsansa na hagu, ya san nauyinsa a kafaɗa. In aka ce masa yaron ya yi tsawo sai ya ce, "Haka nake ji."

Da kakar 1934 kumanda ya bukaci yara a lakwal, wato makarantar boko. Mai unguwa ya duba gidajen da ba za a yi masa gardama ba, ya ga mutumin da ba ya ɗaga kai ba zai ɗaga murya ba. Gardi, ɗan sandan kumanda, ya zo da safe ya tafi da Tanimu, yana da shekara bakwai ko kusa.

Lakwal ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, da rufin ciyawa, a gindin tudu. Malaminta, wanda ake kira Mushe Dosu, wato Malam Dosu da Faransanci, saurayi ne daga Dahome, mai tsabta, mai ƙwazo, Hausarsa ta kasuwa. Kayan aikinsa baƙin allo ɗaya, da alli da yake tattali kamar sukari, da taswira. An ce akwai sandar awo ta metir a dā, gara ta cinye. Ya rubuta Damagaram a aiko wata, aka amsa masa cewa an ji. Littafin koyarwa kuwa ya ce a fara wa yara awo da abin da suka sani. Mushe Dosu ya leƙa waje, ya ga gari cike da kara, an gama girbi. Ya yi farin ciki ƙwarai.

Ya yanke wa kowane yaro kara daidai tsawonsa, ya ƙona harafin farko na sunansa a gindi da ƙusa mai zafi. Gaskiya dabarar ta yi kyau, kuma duk yinin lakwal ya rataya a kanta. Da safe darasin magana: a jera karare, yara su faɗa da Faransanci wanne ne dogo, wanne ne gajere, na wane ya fi na wane. In rana ta ɗaga, lissafi: a haɗa uku da biyu, a ƙirga gaɓoɓi, a auna ɗakin a ga Hamidu nawa ne faɗinsa, Tanimu nawa ne tsawonsa. Rubutu a waje ake yi, kowa ya ja harafinsa a rairayi da bakin karansa. Da shi ake nuna kogi a taswira, da shi ake daidaita kunya a lambun lakwal, da shi ake maci a kafaɗa kamar soja. Da la'asar a jingina su a kusurwa, a tsaye, a ja ƙofa.

Tanimu ya ba da labarin a bakin tuwo, yana murna.

"Baba, yau an yanke mana kara. Kowa da nasa, daidai tsawonsa."

Hannun Umara ya tsaya a cikin akushi. Kellu ta ce, "Ci tuwonka, ka bar shirme."

"Wallahi, Inna. Nawa ya fi na Hamidu da gaɓa guda."

Umara ya ce, "A tsaye aka gwada ku?"

"Da fari a tsaye. Sai Mushe ya ga yara suna ɗage dunduniya don su fi, ya ce kowa ya kwanta a rairayi ya miƙe, ya haɗe ƙafa, kada ya motsa."

"Ka motsa?"

"Ban motsa ba. Har ya yabe ni."

Umara ya wanke hannu.

Kashegari, bayan an tashi yara, ya je lakwal ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa a kan takalman Mushe. Ya yi bayani a hankali, sau biyu, don Hausar ta isa. Mushe Dosu ya saurara da kyau. A ƙasarsu, in ji shi, akwati ake yi, kafinta ne ke awo, shi bai taɓa jin wannan ba. Ba mugu ba ne, kuma ba ya son rigima da iyaye. Ya shiga ya fito da karan Tanimu.

"To, Baba, ga shi. Tafi da shi gida."

Umara ya kau da kai da sauri, bai dubi karan ba. "Ba ya shiga gida."

"To in karya."

"Ba a karyawa."

"Wuta?"

"Mushe, ka yi haƙuri."

"To ina ake kai shi?"

 Wuri ɗaya ake kai shi, kuma su biyun sun gane. Mushe Dosu ya tsaya da karan a hannu kamar wanda aka ba jaririn wani, daga baya ya mai da shi kusurwa. Darasi ya ci gaba da safe, domin littafin bai tanadi wani abu ba, metir kuwa bai iso ba.

Daga nan Umara ya je wurin Liman Alhasan. Liman ya ce ya duba, babu wannan a littafi, camfi ne, kara ba ya kiran kowa, ajali na hannun Allah. Umara ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam." Ya tashi zai fita, Liman ya ce, "Shi jikan nan nawa da aka kai, shi ma an yanke masa?" Umara ya ce kowa da kowa. A satin nan jikan Liman ya kamu da wani ciwon ido da sai a Gidigir ake maganinsa, bai kuma warke ba sai da ya wuce shekarun lakwal.

Umara ba shi da dangi a Gidigir, gardi kuma ya san ƙofarsa. Kellu ce ta samo bakin zaren, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, su waɗanda kake haƙa wa, suna ƙaruwa bayan an yanke?"

"Ba sa ƙaruwa."

"To wannan yana ƙaruwa. Ran da ya fi karan, ai ba nasa ba ne kuma. Na wani ne, ko na ba kowa."

"Kin ji wannan a wurin wa?"

"A wurin wa ka ji naka?"

Tun daga ranar gidan ya koma kiwon yaro ɗaya. Akuyar da za a sayar aka bar ta saboda nono. Dabinon kwari da Umara kan kai kasuwa ya tsaya a gida. Kellu ta riƙa ɗebe nata tuwon tana ƙara masa, tana cewa ta ƙoshi. Tanimu ya ɗauka an fara ganin darajar karatunsa ne, sai ya ƙara himma. Da yamma yakan zauna a tsakar gida yana rera ƙirga da Faransanci, an, de, turwa, yana ja da yatsa a ƙasa, yana gaya wa uwarsa cewa duniya ƙwallo ce, tana cewa to.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari. Ya fara da unguwar mahauta, ya bi ta bakin rijiya, ya zo lakwal. Hamidu, abokin zaman Tanimu, ya yi lissafi ran Litinin, ran Laraba wuyansa ya sandare, ran Alhamis aka aika wa Umara.

A wannan lokaci na shekara kara ya yi wuya. Wanda bai shiga darni ba dabbobi sun cinye, ga rasuwa a gida uku rana ɗaya. Kawun Hamidu mutum ne mai saurin dabara. Ya tuna akwai wanda aka riga aka yanke, ya je lakwal ya roƙa, Mushe bai san yadda zai hana ba. Haka aka miƙa wa Umara karan da bai taɓa riƙe irinsa ba: ya yi santsi don riƙo, bakinsa ya dakushe don rubutu a rairayi, ga tabon wuta a gindi. Ya kwantar, ya ƙara taƙi, ya haƙa. Da aka kawo yaron, Umara ya so ƙwarai a ce ramin ya gaza. Bai gaza ba.

Ran Asabar darasin lissafi ya kamata ya zama na ragewa, kuma an saba yin sa da karare. Mushe Dosu ya dubi kusurwa, yara suka dubi kusurwa. Ranar waƙa aka yi tun safe har azahar.

Wasu karare suka bi na Hamidu, ɗaya bayan ɗaya, tun da an riga an ga sauƙin abin. Sa'an nan kumanda ya ba da umarni a rufe lakwal, aka sa kwaɗo. Hanyar maƙabarta ta bayan ɗakin ta bi, Umara kuwa a watannin nan kullum yana kanta. Tagar ba ta da murfi. Ya yi ta wucewa kansa a ƙasa, har ran da ya kasa. Ya leƙa.

Suna nan tsaye a inuwar kusurwa, sun jingina da juna kamar yara masu jiran a kira su. Ido ya yi aikinsa ba da izini ba, ya auna su duka, kowanne da taƙinsa. Amma Umara ba ya karanta harafi, kuma bai san tsawon ɗansa ba. Kowanne a cikinsu zai iya zama shi. Ya koma gida da ramuka cike da kai, babu wanda ya san na wa.

Tanimu bai kamu ba. Ruwa ya sauka, ciwon ya tafi yadda ya zo, ba sallama. Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fitar da kai. Kellu ta ce a ganinta yaron ya ƙaru, rigarsa ta ɗage. Umara ya ce riga tana ɗagewa don wanki. Ta ce to ya auna shi mana, da igiya ko da hannu. Ya ce duk awo ne. Ta ce, "To zauna. Ni dai nono ya kusa ƙarewa, akuyar ta ɗauki ciki."

Bayan girbi aka buɗe lakwal. Mushe Dosu ya rame, ya rage magana, kuma metir ya iso daga Damagaram, sabo, da ƙarfe a bakinsa biyu. Da kansa ya aika a kira Umara. Ya ce ba zai ƙara yanke wa yaro kara ba. Iyayen sauran sun zo sun kwashe nasu, ba su faɗi inda suka kai ba, shi ma bai tambaya ba. Saura ɗaya.

"Baba, me zan yi da shi?"

 Umara ya ce, "Kwantar da shi."

Mushe ya kwantar da karan a bakin ƙofa. Umara ya dube shi sau ɗaya, daga gindi mai tabo zuwa baki. Ya yi godiya ya tafi.

Tanimu yana gona ranar, yana taya ɗaure dami, rana tsaka. Umara ya tsaya daga nesa kaɗan ya kira shi.

"Ajiye wannan. Tsaya."

"Me na yi, Baba?"

"Ba ka yi komai ba. Tsaya sosai. Kada ka ɗage dunduniya."

Yaron ya haɗe ƙafa ya miƙe, hannuwa a gefe, yadda aka koya masa a maci. Umara ya fara daga inda ya sani, yatsan mai tabo. Ya hau ƙwauri, duk kaushi da ƙura. Gwiwa. Rigar da ta ɗage. A wuya ya tsaya, ya ji kamar ya bar shi haka, amma idon ya riga ya kama hanya. Ya ga haɓa, ya ga gibin haƙori, ya ga kunnuwan ubansa marigayi a kan yaron, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya kai tsakar kai.

Yaron ya fi karan. Ba da yawa ba, kamar faɗin yatsu uku, amma ya fi.

"Baba, in motsa?"

"Motsa."

Da ya gaya wa Kellu, ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe. Da ta buɗe sai ta ga shi bai saki rai ba.

"To mene ne kuma?"

"Wancan karan, yaron ya bar shi. Amma na dube shi."

Ta gane. Tsohon awon yana lakwal, an tsere masa. Sabon yana cikin kan Umara, daidai da yaron har yatsa, da taƙinsa a kai, kuma wannan ba a jingina shi a kusurwa a ja ƙofa.

Kellu ta ɗan yi tunani, ta ce, "Ai maganin ɗaya ne. Ya fi wannan ma."

"In ya fi, ta yaya zan sani?"

"Ka sake dubawa."

Haka Umara, wanda shekara takwas bai dubi ɗansa ba, ya koma ba ya da aiki sai dubansa. Da safe in zai tafi lakwal, ya tsai da shi a bakin zaure. In ya dawo, ya sake. Yawancin ranaku awon jiya ne, Umara ya yini ba walwala. Wani lokaci, bayan wata biyu ko uku, sai ya ga ɗan abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba, ranar har ya yi wa maƙwabta ba'a. Sauran mutane dai bai dube su ba har ya mutu. Mutanen gari suka ce ba su taɓa ganin uba mai alfahari da ɗan lakwal irinsa ba, har wasu suka ga abin ya yi yawa, kamar shi kaɗai ya haifi mai jin Faransanci.

Tanimu ya wuce ƙirga ya shiga ninkawa, ya iya karanta takardar kumanda, ya san sunayen koguna da ba zai taɓa sha ba. Ya saba da tsayuwar bakin zaure kamar yadda ake sabawa da gaisuwa. Sau ɗaya ya ce, "Baba, akwai metir a lakwal, in kana son sani sai in gaya maka da santimetir." Umara ya ce ya bar wa Mushe kayansa.

Abin da ke damun Umara, wanda ya faɗa wa Kellu kaɗai, shi ne mutum ba ya girma har abada. Wata rana yaron zai kai inda zai tsaya, awon ya zauna, ba sauran tserewa. Yakan lissafa shekarun da suka rage. Kellu ta ce ya bar wa Allah, ya ce ai Shi ya bar wa.

Bai ga ranar ba. Da damanar 1939 zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan. Ranar ƙarshe da hantsi ya ce a kira Tanimu ya tsaya a bakin ɗaki, inda haske yake. Yaron yana tsakiyar irin girman nan da wando ba ya kai wata shida. Umara ya bi shi da ido daga ƙasa har sama, a hankali, bai yi gaggawa ba.

"Ka ƙaru," in ji shi. Sa'an nan ya ce wa Kellu, "Kada ki sayar da akuyar."

Da azahar aka yanke masa nasa. Waɗanda suka haƙa ba su da idonsa, sai da suka kwantar da karan sau uku.

Shi kuwa karan Tanimu, da ya zama na ba kowa, Mushe Dosu bai jefar ba. Ya ga ya yi daidai da nuna taswira, ya ci gaba da aiki da shi, malamin da ya gaje shi ma ya sami karan a kusurwa ya ɗauka. Yaran da suka zo daga baya ba su san labarinsa ba. An dai lura cewa in malami ya juyo daga allo ya nuna yaro da shi don ya ba da amsa, yaron yakan ɗan ɗage dunduniya kafin ya buɗe baki.